Malam Mati da Tsuntsayen Ƙasar Ƙanƙara

Ranar da Ramlat ta dawo Wagini ana tsakiyar roron wake. Ɗan acaɓa ne ya kawo ta daga Batsari, kuma tun kafin a kwance mata jaka labari ya kai wa babanta a gona. Malam Mati ya bar kwandon waken a tsakanin kunya, ya taho gida da takalmansa a hannu.

Wata huɗu rabonsa da ita. Ita ce ɗiyarsa ta fari, wadda ta yi karatun halittu a jami'a ta ƙware a kan tsuntsaye, har wasu masu bincike suka ɗauke ta aiki suka tafi da ita can ƙuryar arewacin duniya. Abin da ya sani game da wurin bai wuce abin da ta riƙa gaya masa a waya ba: sanyi, ƙanƙara, da rana wadda ba ta faɗuwa.

Ta durƙusa ta gaishe shi, ya tambaye ta hanya da gajiya da mutanen da ta baro, ta tambaye shi gona da jiki. Da gaisuwa ta ƙare sai ya gyara zama a kan tabarma.

"Ramlatu, abu guda ya hana ni sakat tun tafiyarki. Kin ce rana ba ta faɗuwa. To magariba fa, yaya kika yi da ita?"

"Agogo na bi, Baba. Na tambayi malamai kafin in tafi, suka ce in bi lokutan gari mafi kusa da ke da dare da rana."

"Wato kina sallar isha'i rana na kallonki?"

"Tana kallona tar."

Mahaifiyarta, Zuwairatu, da ke dama fura a gefe, ta tuntsire da dariya. "Allah ya so ki ba da azumi kika je ba, da har yanzu kina jiran shan ruwa."

Aka yi ta dariya, maƙwabta na shigowa ana maimaita musu. Amma Zuwairatu ta lura ɗiyarta dariyar baki kawai take yi, furar ma rabin ludayi ta sha ta ajiye. Ta ƙyale ta ranar. Washegari da hantsi, suna zaune su uku suna ɓarar wake, ta ce mata ta faɗi abin da ta zo da shi a ciki.

Ramlat ta ba su labari. Wurin da ta yi aiki wata fadama ce mai faɗin gaske, babu itace ko ɗaya, babu gari, babu titi. Ƙanƙara na rufe ta fiye da rabin shekara. Idan ta narke sai ciyawa ta fito, ƙananan tafkuna su cika, tsuntsaye dubu bisa dubu su sauka su yi ƙwai a ƙasa. Mutanen wurin 'yan kaɗan ne, makiyaya, suna kiwon wata irin barewa mai ƙahoni kamar rassan itace. A bukkar wata tsohuwa daga cikinsu Ramlat ta riƙa shan shayi. To, wani kamfani ya gano ma'adinai a ƙarƙashin fadamar, yana neman izinin haƙa. Zai janye ruwan, ya yanka hanyar manyan motoci ta tsakiyar makiyayar. Nan da mako bakwai hukumar ƙasar za ta zauna ta saurari kowa.

"Ranar da zan taho tsohuwar ta riƙe hannuna," in ji Ramlat, "ta ce tunda tsuntsayen nan ƙasashe da yawa suke zuwa, in nemo mata bakin mutanen ƙasarmu, ko hukuma ta ga ba su kaɗai abin ya shafa ba. Na ce mata to, don kunya. Amma wa zan tunkara a nan da zancen tsuntsu? Mutanen da gonakinsu na bakin daji suka gagare su zuwa saboda 'yan bindiga?"

Malam Mati ya ce ta nuna masa wurin. Ta miƙa masa waya, ya riƙe ta nesa da ido yana kallon hotuna ɗaya bayan ɗaya. Can sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Mayar da wancan."

Hoton wata 'yar tsuntsuwa ce ruwan ƙasa, mai dogon baki da siraran ƙafafu, tana kwance a kan ƙwai huɗu.

"Wagga ai baƙuwar kaka ce! Mi ya kai ta can?"

"Can gidansu yake, Baba. Nan ne suke zuwa baƙunci."

"Ni da nake cewa daga Nijar suke zuwa!"

Ya miƙe ya shiga ɗaki, aka ji yana ta buruntu, ya fito da wani tsohon gwangwanin madara. A cikin allurai da maɓallai ya tsamo wani ɗan zobe na ƙarfe wanda ko a ɗan yatsan jariri ba zai shiga ba. Ya ce shekara takwas ke nan da ya tsince shi a bakin tafkin bayan gari, a ƙafar wata baƙuwar kaka da shaho ya ci ya bar saura. Da farko ya ɗauka sihiri ne, ya kai wa liman, liman ya juya shi ya ce rubutun boko ne, ba ruwansa.

Ramlat ta karanta lambar da ke jiki. Irin zoben da su ma suke sa wa tsuntsaye ne. Ta tura lambar ga abokan aikinta, kafin la'asar amsa ta dawo: a wata gaɓar teku na can arewa aka sa wa tsuntsuwar, tafiyar kwana biyu daga fadamar tsohuwa.

Da sassafe suka tafi tafkin, tare da masu zuwa yankan shinkafa, domin yanzu ba a zuwa can mutum ɗaya. Ga tsuntsayen kuwa, sun fi ɗari, suna 'yan guje-guje a bakin ruwa suna caccakar laka. Ramlat ta ba babanta madubin hangen nesa. Ya kafa a ido ta baibai, ya ce sun gudu. Ta juya masa. Sai ya ja da baya har ya kusa zamewa.

"Ga ta nan a kan hancina! Kai, dubi ƙafa kamar tsinken tsintsiya. Da wagga ƙafa ta zo daga bangon duniya?"

"Da fiffike dai, Baba."

Ya daɗe yana kallo yana murmushi shi kaɗai. A hanyar komawa ya ce, "Tun ina bin babana tafkin nan suke sauka a gabana. Ba su taɓa cin mini shinkafa ba, tsutsa suke ci. Yanzu a ce za a tone musu gida, an aiko neman bakina, in yi shiru? Gaya mini yadda ake yi."

Ramlat ta ce ana sa hannu ne ta waya, ko a takarda. Ya ce mutum nawa ne a Wagini za su iya na waya, takarda kuma ya san halinta, a aljihun tebur take ƙarewa. Zuwairatu ce ta raba gardamar. Ta ce a sayi farin yadi, ita za ta haɗa shuni mai kauri a kwano, kowa ya dangwala yatsa, Ramlat ta rubuta suna da gari a ƙasa. Abin da sai an shimfiɗa shi kafin a gani, ba mai tura shi aljihun tebur. Aka kai yadi biyar wurin Nurain tela, ya zana baƙuwar kaka da baƙin zare a tsakiya. Ta fito da ɗan kama da zabuwa, amma Malam Mati ya ce dogon bakin ya wadatar.

Ranar kasuwar Batsari suka shimfiɗa yadin a kan benci kusa da rumfar mahauta, inda Gambo, aminin Malam Mati, yake da tukubar tsire. Malam Mati ya ɗaure zoben da zare a wuya, ya fara bayani. Mutane suka taru, wasu na dariya, wasu na karɓar zoben suna jujjuyawa. Ba wanda ya dangwala.

Gambo ya soke wuƙarsa a kan katako ya fito yana goge hannu.

"Mati, ka tsufa ko ka zautu? Shekara uku ba ka taka gonarka ta wajen Ruma ba. An kore shanun mutane, an tashi ƙauyuka, kai kuma ka zo kasuwa kana yi wa tsuntsu kamfe?"

"Ban mance gonata ba."

"Ni garinmu na wajen Zamfara, da masu haƙar zinare suka zo, rafinmu ya koma kalar tsatsa. Shanuna huɗu suka sha suka mutu, yara suka yi ta ciwo, muka watse. Wa ya dangwala mana yatsa? Wa ya ma ji?"

"Ba wanda ya ji, Gambo. Su kuwa ga shi mun ji."

Gambo ya yi tsaki zai juya, sai Ramlat ta rusuna ta ce, "Baba Gambo, ko ba za ka sa hannu ba, dubi dabbobinsu, ka gaya mini ko ka taɓa ganin irinsu."

Ta kunna masa bidiyo. Ga tsohuwar, gajeruwa, cikin jar hula, tana wani irin kira mai tsawo, barewa ɗaruruwa suna gangarowa daga tudu suna kewaye ta. Gambo ya matso da fuska.

"Waɗannan duka nata ne? Ana tatsarsu?"

"Ana tatsa, ana ci, da fatar suke sutura."

"Ƙirjin nan zai yi kitse. Cinyar fa, tana da tauri?"

"Taushi gare ta, kamar ta ɗan maraƙi."

"A nan suke shan ruwa? Nan ɗin za a tone?"

Ta ce nan ne. Ya sake kallon bidiyon daga farko. Sannan ya tsoma tafin hannunsa gaba ɗaya a kwanon shuni, ya danna shi a kan yadin, dab da bakin tsuntsuwar Nurain.

"Yatsa aka ce!" in ji Malam Mati.

"Yatsa na masu ƙaramar magana ne. Rubuta, ɗiyata: Gambo mahauci, wanda aka ɓata wa rafi."

Daga nan kasuwa ta juya. Gambo ya koma bakin tukubarsa yana shela cewa duk wanda ya nuna masa shuɗin yatsa zai ƙara masa yanka ɗaya a tsire. Ramlat ta ce wannan ai sayen baki ne, ba za ta rubuta sunan kowa ba sai ya ji bayani tukuna. Sai aka yi layi biyu, na jin bayani wurin Malam Mati da na tsire wurin Gambo. Da Fulanin da suka kawo dabbobi kara suka ji cewa makiyaya ne za a datse wa burtali da mashaya, ba su jira dogon zance ba, suka zo a jere da sandunansu a kafaɗa. Wani dattijo a cikinsu ya tambaya ko barewar tana jin sunanta in an kira, da aka ce masa tana ji, ya gyaɗa kai ya dangwala sau biyu.

Ba kowa ne ya yarda ba. Wani mai sayar da buhuna, Mannir, ya ce ɗansa da haƙar ma'adinai yake ci da iyalinsa, shi ba zai sa hannu a hana wani aiki ba. Malam Mati ya ce ya ji, kuma ba su ɓata ba, har ya sayi buhu biyu a wurinsa na zuba wake.

Kafin kasuwa ta watse yadi biyar ya cika. Nurain ya ƙara biyar, bayan mako guda ya sake ƙarawa. Zuwairatu ta riƙa shiga da shi gida gida, mata na dangwalawa a tsakanin daka da wanki. A bakinsu ne tsohuwar ta sami sunan Iya Mai Barewa, tunda sunanta na gaskiya ya ƙi zama a harshen kowa. Suka riƙa tambaya ko tana da jikoki, da me take girki a ƙasar da ba itace. Malam Mati da Gambo kuma suka hau babur ɗaya, yadin a naɗe a tsakaninsu, suka kai shi Safana, suka kai shi Ruma ranar da hanya ta yi lafiya. Mako uku shuni bai bar hannun Malam Mati ba, har liman ya tambaye shi ko ya koma rini.

Ramlat ta kai yadin Katsina ta aika, tare da bidiyon babanta a bakin tafki yana riƙe da zoben. Kwana goma sha shida ba labari, Malam Mati ya hana ta sakat da tambaya. Ana saura kwana biyu zaman hukuma saƙo ya shigo cewa ya isa.

Ranar zaman, bayan azahar, aka hau dutsen bayan gari, domin nan ne kawai waya ke kama bidiyo ba ta yanke ba. An fi mutum sittin. Aka jingina wayar da ƙwarya, aka aro lasifikar mai tallan magani. Ramlat ta zauna a gaba tana fassarawa.

Wakilin kamfani ne ya fara magana. Ya ce za a sami aiki, kuma ƙarfen da za a haƙo da shi ake yin batirin waya da na mota. Malam Mati ya dubi wayar da ke jingine da ƙwarya, ya dubi Gambo.

"Ashe har da mu a cikin masu cin abin."

"Har da mu, Baba," in ji Ramlat. "Ba cewa ake kada a haƙa ko'ina ba. Wannan wurin ne in an tone ba ya komawa."

Aka yi ta jawabai har wasu suka fara gyangyaɗi. Can sai ga jar hula ta miƙe. Iya Mai Barewa ta yi 'yar gajeruwar magana, ta yafito 'yan'uwanta, suka fara warware yadin. Mutum biyu suka kama, bai ƙare ba. Huɗu, bai ƙare ba. Sai da mutum bakwai suka riƙe shi daga wannan bango zuwa wancan, har wani ma'aikacin hukumar ya ture kujerarsa ya kama gefe. Shugabar zaman ta sauko ta sa tabarau tana bin yatsun da kallo.

"Ga hannuna can!" Gambo ya yi tsalle har ya ture ƙwaryar, waya ta kife. Aka yi ca a kansa. Da aka tayar da ita, sai ga fuskar Malam Mati a wani babban allo a zauren, yana magana da Hausa, rubutu na gudu a ƙasa. Mutanen kan dutse suka kaure da sowa, ba wanda ya ji abin da ya faɗa. Shi kuwa ya rufe fuska da hula yana cewa da ya sani da babbar riga ya sa.

Ba a yanke hukunci ranar ba. Kwana tara bayan haka, Ramlat na taya mahaifiyarta sheƙar wake, wayarta ta yi ƙara. Ta karanta, ta sake karantawa, sai ta zauna a ƙasa tana dariya hawaye na zuba. An hana haƙa a fadamar da makiyayar har shekara goma, an ce kamfanin ya nemi wani wuri. Zuwairatu ta rangaɗa guɗa tun kafin ta ji ƙarshen bayani.

Ramlat ta gaya wa babanta gaskiya: ba yadinsu kaɗai ya yi aikin ba, makiyayan sun shekara uku suna fafutuka, masana sun kawo hujjoji, wasu ƙasashen ma sun aiko. Kuma bayan shekara goma za a iya tayar da maganar.

"To a bar sauran shunin," in ji shi. "In ba ni, akwai ku."

Ranar Juma'a aka dafa shinkafa da wake a babbar tukunya, Gambo ya kawo tsire a tire biyu, ya ba kowa labarin yadda shugabar zaman ta tsaya tana kallon tafin hannunsa ta fi minti guda. Kafin la'asar minti ɗin ya zama biyar.

Sai da bazara ta kama, zafi ya kai inda ko kaza ba ta fita rana, wani abokin aikin Ramlat ya zo Katsina da ƙunshi daga Iya Mai Barewa. Hula ce ta fatar barewa, gashi ciki da waje, da kunnuwa biyu masu saukowa har haɓa, an yi mata ado da jan zare. Ta haɗo da saƙo cewa a ba mai zobe.

Zuwairatu ta ce a adana ta sai sanyi ya zo. Malam Mati ya ce kyautar da ta yi wannan tafiya ba za ta kwana a akwati ba. Ya sa ta ya tafi kasuwar Batsari a kan babur, kunnuwan na kaɗawa. Kafin ya isa rumfar mahauta gumi ya jiƙa masa riga har baya.

Gambo ya dube shi sama da ƙasa. "Cire ka ba ni, kafin ka narke. Ai da ni da kai aka aiko mawa."

"Mai zobe aka ce."

"Hannun wa aka fi gani?"

Suka yi ta ja har mutane suka taru. A ƙarshe Nurain tela ya raba su: Malam Mati ya riƙe ta ranakun mako, Gambo ya sa ta ranar kasuwa. Gambo ya karɓa nan take ya kifa a kai, ya koma gaban wutar tukuba yana juya tsire. Bai kai rabin sa'a ba ya cire ta ya rataye a ƙusa, ya aika a sayo masa ruwan sanyi.